Asalin Kyaftin Girzam

Akwai wani aminina a Funtuwa, Alhaji Mamuda, mai sayar da kayan gyaran babur. In ka shiga garin kana cigiyar Alhaji Mamuda, za ka sha yawo kafin ka dace da wanda ya san shi. Amma ka ce Kyaftin, ko ɗan acaɓan da ya sauka garin jiya zai kai ka har bakin shagonsa, ya ƙara maka da cewa yanzun nan ya fita sallah.

Sunan ya samo shi ne daga wani fim na Turawa, irin na yaƙin sararin samaniya, inda jirage ke tashi daga wannan duniya su sauka a waccan kamar masu zuwa cin kasuwar Bakori. Ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa da sunan fim ɗin na Turanci. Mu dai da sunan jarumin muke kiransa, Kyaftin Girzam. Kashi biyar aka yi masa. Na ɗaya muna samari muka kalle shi a kaset, a gidan kallo, kan benci. Na biyar kuwa da furfura a gemu muka kalla, wasunmu har da tabarau.

Shi wannan Girzam dogon mutum ne, rabin fuskarsa a rufe da ƙarfe. Ba ya dariya, ba ya magana sai ta kama, kuma a duk kashi biyar ɗin nan ba a taɓa nuna shi yana cin abinci da kowa ba. In an shirya liyafa, sai ya ɗauki kwanonsa ya koma gefe shi kaɗai. Amma abin da ya fi tafiya da hankalin mutane shi ne tsayuwarsa. Ko da wa yake magana, sarki ne ko dodo mai kai uku, hannayensa na goye a baya, ƙirji a waje. Abu ɗaya ne masu fim suka ƙi faɗa: daga ina ya fito, kuma ɗan wane ne. Wannan gurbin da suka bari, Alhaji Mamuda ne ya cike musu shi, ba tare da sun roƙe shi ba.

"Ɗan sarki ne," haka yake cewa duk ranar da aka taɓo zancen a majalisa. "Ku dubi tsayuwar nan. Wannan ba a koyonta, a jini take. Ku dubi yadda ba ya haɗa kwano da kowa. Ɗan talaka ya ga liyafa ya koma gefe? Ai sai dai a janye shi."

Ya sa an zana masa Girzam a ƙyauren shago, an manna masa wani a bayan mota. Tsayuwar ma ya ɗauka. Shekara da shekaru Alhaji bai saki hannayensa a gaban jama'a ba, sai in zai gaisa da mutum ko zai yi alwala. Ko fulogi zai nuna wa mai saye, da haɓa yake nunawa.

Dalilin wannan ƙauna ba ɓoyayye ba ne. Alhaji mutum ne mai son asali, har abin ya yi masa yawa. Ba laifi, yana da kirki, yana da kyauta, ni kaina na ci arzikinsa ba sau ɗaya ba. Amma ka kawo masa mutum ka ce wane haziƙi ne, wane mai gaskiya ne, sai ya saurare ka har ka gama, sannan ya ce, "Ɗan gidan wa?" A falonsa akwai wani tsohon takobi rataye a bango, kubensa duk ya koɗe. Wai na kakansa ne, wanda ya riƙe sarautar Sarkin Yaƙi a can wata ƙasa ta gabas. Sunan ƙasar yakan ɗan canza gwargwadon baƙon da ake ba labari, amma ba mu taɓa matsa masa ba. Abin da na lura da shi kawai, duk ranar da ya ɗauko labarin takobin nan a gaban Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune a gidan, sai tari ya sarƙe ta. Tsohuwa ce mai lafiya, ta haura tamanin tana shan rake da haƙoranta, ba ta da tarin komai sai na takobi.

To, Alhaji na da 'ya, Rumasa'u, ungozoma ce a wani asibiti cikin gari, yarinya mai hankali da kamun kai. Wanda ya fito neman aurenta kuwa Nafi'u ne, mai haɗa wutar sola. Shi ya haɗa wa Alhaji ta shago da ta gida, kuma tun da ya haɗa ba ta taɓa ƙiftawa ba. Alhaji da bakinsa ya sha cewa yaron nan ɗan albarka ne. Yara suna son juna, iyaye mata sun aminta, sai aka zo kan abin da ba a tsallakewa, wato binciken asali. Ni da Sale Tela, wani abokinmu tun na ƙuruciya, mu Alhaji ya tura.

Muka shiga unguwar su Nafi'u muka fita. Muka tambayi liman, muka tambayi mai unguwa, har mai shayi ba mu bari ba. Ba wanda ya faɗi aibu ko ɗaya. Yaro ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa. Marigayi mahaifinsa malamin firamare ne. Sai a ƙarshe wani dattijo, cikin yabo ma yake faɗa, ya ce ai kakan yaron mutumin kirki ne ƙwarai, ɗan ga-ruwa ne da ya zo cin rani ya zauna, garwa biyu da sanda a kafaɗa ya yi ta ɗauka har ya sa ɗansa a makaranta.

A hanya na ce wa Sale mu bar wannan a cikinmu. Ya ce to. Muna zama gaban Alhaji ita ya fara faɗa, don shi Sale in magana ta kwana a cikinsa ciwo take sa masa.

"Ga-ruwa?" in ji Alhaji.

"Amma fa kowa na yabonsa," na yi sauri na ce. "Ɗansa malami, jikansa ga shi ka gani."

Ya ɗaga kai ya dubi takobi, ya sauke. "Ku ce musu ana shawara."

Duk wanda ya taɓa neman aure a ƙasar nan ya san ma'anar ana shawara. Baffan yaron, Malam Isiyaku, mutum mai sanyin hali, ya yi ta sintiri yana komawa da ita. Rumasa'u ba ta yi wa ubanta musu ba, ba ta yi kuka a gabansa ba, amma ta rame, dariyarta ta ɗauke daga gidan. Abin ya dame ni ƙwarai, don a gabana yarinyar nan ta girma. Na yi masa magana, ya ce in bar shi da iyalinsa. Gwaggo Tasalla ta yi masa, ya ce ita tsohuwa ce, ba ta san mutanen yanzu ba. Daga ƙarshe Malam Isiyaku ya aiko cewa ranar Lahadin ƙarshen wata zai zo a ba shi amsa guda, e ko a'a, don yaro ya san inda ya dosa.

Ana cikin haka sai Ashiru mai turi, wato mai shagon tura fina-finai a waya, ya iso majalisa yana haki, ya ce sabon Girzam ya fito.

"Na shida ke nan?" Alhaji ya tambaya.

"A'a, Kyaftin. Wannan kafin na ɗaya yake."

"Yaushe aka yi shi?"

"Bana."

"To abin da aka yi bana ya za a yi ya riga abin da muka kalla muna samari? Ashiru, ka karya kuwa?"

Ashiru ya yi ta bayani har ya yi gumi. Ya ce baya aka koma, labarin ƙuruciyar Girzam ne, yadda aka haife shi da yadda ya zama Kyaftin. Sale Tela ya ce, "Na gane. Wato an bar mutum ya yi aure ya yi jikoki, sannan aka tashi yi masa binciken asali." Tun da ya riga na ɗaya, nan take majalisa ta raɗa masa suna kashi na sifiri.

Ban taɓa ganin Alhaji cikin farin ciki irin na ranar ba. "Alhamdu lillahi!" ya ce. "Tun yaushe nake gaya muku kuna musu? Yanzu za ku ga fada da idonku. Za ku ga ubansa a kan karaga. Ba wanda zai kalle shi a waya, a gidana za a haska shi, kowa ya zo."

Ranar Asabar bayan la'asar falon Alhaji ya cika. Ya sayo tsire, ya sa an dama fura, shi kuma ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ashiru ya kawo wanda aka yi wa fassarar Hausa. Gari babu wuta tun safe, amma wadda Nafi'u ya haɗa tana nan daram, ita ta kunna mana talabijin.

Fim ya buɗe da wani ƙaton jirgi yana shawagi tsakanin taurari. Aka nuno wani kyakkyawan yaro cikin alkyabba mai ruwan zinariya, ana yi masa fifita. Alhaji ya miƙe zumbur.

"Ga shi nan! Me na ce muku? Ku dubi hanci!"

Sale ya matsa kusa ya ƙura ido. "Kyaftin, wannan ai azzalumin nan ne na kashi na biyu. Ga tabonsa nan a goshi."

Alhaji bai zauna ba, ya dai koma bayan kujera ya tsaya, hannaye a goye, ya ce mu yi haƙuri, manya ba su cika fitowa da wuri ba.

Sai kyamara ta yi ƙasa. Ta wuce ɗakunan manya, ta wuce na sojoji, ta wuce madafa, ta yi ta sauka har can ƙasan jirgi inda duk ƙazantar mutanen sama ke taruwa. Ga wani siririn yaro nan, ƙafa ba takalmi, riƙe da bokiti biyu. Wani ƙato ya leƙo ya daka masa tsawa, mai fassara kuwa ya buɗe murya ya juyo mana da ita cikin Hausa tsantsa: "Kai Girzam! Masai ya cika a ɓangaren hafsoshi, yi maza ka kwashe!"

 Wani ya tsaya da tsinken tsire a baki.

"Suna yakan zo ɗaya," in ji Alhaji. "A ci gaba."

Aka ci gaba, kuma gara da ba a ci gaba ba. Ashe Girzam ba a ma san ubansa ba, a cikin akwatin kaya aka tsince shi yana jariri, masu shara suka raine shi. Ƙarfen fuskarsa, wanda Alhaji ya sha rantsuwa a yaƙin ƙwato gadon sarauta ya samo shi, ashe tankin ƙazanta ne ya fashe masa. Cin abinci shi kaɗai kuwa ba sarauta ba ce. In ya matso da kwanonsa tashi ake yi a bar masa wurin, har ya saba.

Duk wannan da sauƙi. Can tsakiyar fim aka nuno wani hafsa ya zo wucewa, ya ga yaron, ya toshe hanci. Mai fassara ya ce, "Kai, in kana gaban manya ka riƙa ɓoye hannayen nan naka a baya, warinsu na tayar mana da zuciya!" Yaro ya mayar da hannaye baya ya goya, ya turo ƙirji don kada a ga zai yi kuka. Aka saki kiɗan nan da ake yi masa a duk kashi biyar in zai shiga yaƙi. Duk falon ba mai kallon talabijin. Alhaji muke kallo, yana tsaye bayan kujera cikin babbar riga, hannaye a goye. A hankali ya sake su, kamar mai ajiye kayan da ba nasa ba.

Ƙarshen fim ɗin, abokan gaba suka far wa jirgin, ya kama da wuta, manya suka shige ƙananan jirage suka tsere. Yaron nan da ya san kowane lungu da kowane bututu shi ya fitar da mata da yara ta hanyar da yake bi da bokitinsa, ya koma ya riƙe jirgin har aka tsira. Daga nan aka fara ce masa Kyaftin. Gaskiya fim ya yi kyau, ni har ƙwalla na share a ɓoye. Amma ba ranar faɗin haka ba ce. Aka watse ba sallama mai ƙarfi, fura ta yi saura.

Kafin mako ya zagayo masoya Girzam na Funtuwa sun dare gida-gida. Akwai masu cewa jabu ne, ba masu fim na ainihi ne suka yi ba, aikin mahassada ne. Akwai masu cewa mai fassara ne ya ƙara gishiri, har Alhaji ya sa Ashiru ya nemo masa na Turanci zalla. Ya zauna ya kalla bai ji ko kalma ɗaya ba, amma bokiti dai yana nan. Wani ɗan acaɓa ya sa reza ya kankare hoton Girzam daga tankin babur ɗinsa, ya ce shi ba zai ƙara yawo da mai kwasar masai tsakanin cinyoyinsa ba. Wani da ya laƙaba wa ɗansa na fari Girzam, matarsa ta ce ko ya janye sunan ko ta tafi gidansu. Samari 'yan waya kuma suka ce ai wannan ya fi duka biyar ɗin ma'ana, mu tsofaffi ne ba mu iya kallon fim ba. Aka yi ta musu a teburin mai shayi, har wasu aminai biyu suka daina gaisawa a kan mutumin da ko a garin Turawan babu shi.

Amma duk wanda ya sha wuya bayan Alhaji yake. Wata safiya ya zo buɗe shago ya tarar an rataye tsohon bokiti a jikin kwaɗo, daidai hannun hoton Girzam. Kafin azahar sunansa ya ƙaru, ya zama Kyaftin Bokiti. Hannayen kuwa su suka fi ba shi wahala. Ya goya, yara su ƙunshe dariya. Ya saki, sai su yi ta reto a gefensa kamar na aro. Ya gwada riƙe carbi, ya gwada makullin mota, duk bai zauna ba. Na tausaya masa, ko da yake ba zan ɓoye ba, wani lokacin sai na juya baya nake gama tausayin.

Ya kira mai fenti ya zo ya shafe hoton ƙyaure. Mai fenti ya buɗe gwangwani, ya tsoma buroshi, Alhaji ya tsaya yana kallon rabin fuskar nan ta ƙarfe, ya daɗe, sannan ya ce masa ya tafi, zai neme shi. Bai iya ba. Daga nan ya daina zuwa majalisa. Ashiru ya tsegunta mana cewa kullum in Alhaji ya rufe shago da rana, kashi na sifirin yake sake kallo shi kaɗai, ba a san me yake nema a ciki ba.

Haka Lahadin ƙarshen wata ta same mu. Alhaji ya aiko mana ni da Sale mu zo mu zauna, tun da ba a ba da irin wannan amsa mutum shi kaɗai. Da na shiga gidan na ci karo da Rumasa'u a tsakar gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ido a kumbure. A ƙofar falo Alhaji ya jawo ni gefe.

"Yau zan rufe maganar nan," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Yaron ba shi da laifi, amma ba zan haɗa jinina da garwa ba."

Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce in shiga in zauna.

Malam Isiyaku ya iso bayan azahar. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa, aka koma aka sake tambayar iyali, don ba wanda yake son ya fara. Gwaggo Tasalla ta dogaro sandarta ta shigo da goro a faranti, ta gaida baƙo, ta ce ƙafarta ta riƙe, bari ta ɗan huta. Ta zauna kan tabarma a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya san ta ya san ba tashi za ta yi ba.

Shiru ya yi yawa. Sale kuwa ba ya iya zama da shiru.

"Kyaftin," ya ce, "na biyo ta shago na ga har yanzu ba ka goge mutumin naka ba. Ko jira kake a ƙara masa bokitin da fenti, kowa ya huta?"

Ashe Alhaji a cike yake tun ranar Asabar ɗin nan, wurin zubarwa kawai yake nema. Ya miƙe tsaye.

"Sale, ka ishe ni! Kai da ire-irenka duk kun ishe ni! To mai kwasar masai ne, sai me? Da jirgi ya kama da wuta ina 'ya'yan sarakunan suka shiga? Ina mai alkyabbar? Ba su suka fara tserewa ba? Wa ya tsaya? Mai bokiti! Kashi biyar mutumin nan yana ceton duniyoyi kuna tafa masa, yau don kun ga inda ya faro sai ku juya masa baya? Wallahi wannan rashin mutunci ne. Shi ya zaɓi akwatin da za a tsince shi? Ni na zauna na sake kallo, na yi tunani, kuma yanzu ma na fi sonsa. Ɗan sarki ya zama jarumi ai ba abin labari ba ne, an share masa hanya. Wanda ya taso daga ƙasan jirgi ya hau samansa, shi ne namiji. Mutum aikinsa ake dubawa, ba abin da na gabansa suka ɗauka a hannu ba. Duk wanda ya raina mutum saboda asalinsa, ƙaramin mutum ne, ko wane ne shi!"

Ya tsaya yana huci. Sai a lokacin na lura hannayensa sun koma baya sun goyu, ƙirji a waje, karo na farko da ya yi haka ba kunya tun ranar da aka haska fim ɗin. Sale ya saki baki. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don na hango ramin da aminina ya haƙa ya tsaya a bakinsa yana alfahari.

Malam Isiyaku bai taɓa kallon Girzam ba, ko kashi ɗaya, amma huɗubar ta shige shi. Ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"Madalla, Alhaji. Allah ya saka da alheri. Wallahi na daɗe ban ji wa'azin da ya ratsa ni kamar wannan ba. To ke nan batun yaranmu..."

Na ga daidai lokacin da abin ya faɗo wa Alhaji. Ya dube ni, na dubi silin. Ya dubi Sale, Sale ya ɗauki goro. Ya koma ya zauna a hankali, ya yi gyaran murya.

"A'a, Malam, kada a haɗa. Wancan fim ne. Abin sama ne, can wata duniya, su ka'idarsu daban. Nan kuwa Funtuwa ce, kuma gidan nan gida ne mai asali." Ya ɗaga haɓa ya nuna bango. "Ka ga takobin can? Kakana, Sarkin Yaƙi..."

Tari ya sarƙe Gwaggo Tasalla. Wannan karon ya daɗe bai sake ta ba.

"Sannu, Gwaggo," in ji Alhaji. "A kawo ruwa?"

"Bar ruwan, Mudi." Duk duniya ita kaɗai ke kiransa haka. Ta goge baki da gefen mayafi ta juya wajen Sale. "Kai Sale, fahimtar da ni. Kwanakin nan ba abin da nake ji a gidan nan sai sifiri, sifiri. Wato su Turawan nan sai sun bar mutum ya girma ya yi suna, ana ta yi masa kirari, sannan su koma baya su nuna yadda aka faro?"

"Haka ne, Gwaggo."

"Kuma a tara jama'a a falo, a sayo tsire, a nuna wa kowa?"

"Ƙwarai kuwa. Har da mai fassara, don kowa ya ji da kyau."

Ta jinjina kai. Ta ɗaga ido ta dubi takobin nan na bango, ta daɗe tana kallonsa kamar tsohon sani, sannan ta sauko da idon kan ɗan wanta.

"To Mudi, namu kashi na sifirin ma yana nan, ba a dai haska shi ba. Ni na kalle shi tun daga farko, har wurin da aka yi cinikin takobin can. In fara fassarawa, ko za ka sa wa yaran nan rana?"